Ƙwaryar Kaka da Tarihin Bola

A ɗakin kakata da ke Nombakélé, a birnin Libreville, akwai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki biyu. Ran nan bayan an ɗauke ruwa na dawo daga gidan rediyo, ina ta tsallaken lambatun da leda da robobi suka toshe, na tarar tana tsince shinkafa a cikinta. Na ce, "Kaka, kwanon roba ba tsada a kasuwar Mont-Bouët, ki yar da wannan mana." Ta harare ni ta ce, "Kai dai maigidan nan ba ka san komai ba. Gyartai ne ya ɗinke ta tun a Kano, ta girme ka."

Gyartai shi ne mai bin gida-gida yana ɗinke fasassun ƙorai. Wannan magana ta Kaka ita ta sa na koma bin tarihin Kano, inda danginmu suka fito, don in ga yadda mutanen da suke yi da shara. Abin da na gano shi ne, kusan kowace irin shara tana da mai sana'ar da ke jiran ta.

Mu fara da bola. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida su ne taki. Da rani manoman karkarar Kano kan shigo birni da jakuna ɗauke da itacen girki, su koma da mangala cike da taki. Masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya nazarci yankin a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki na cikin abin da ya sa ake noma gonakin kewayen Kano duk shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Haka ma a marina irin ta Ƙofar Mata. Laka mai kwantawa a gindin rijiyar rini, wato katsi, ba a zubar da ita. Magina kan haɗa ta da gashin jima daga majema da kuma dafara, su sami laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ci ginin. Sharar marini da ta majemi ta zama kayan aikin magini.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙin kaya suka yawaita, amma dabarar ba ta canza ba. Gwangwani ya koma fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta koma takalmi, tif ɗinta ya koma guga, daga baya kuma aka riƙa narka tarkacen alminiyum ana zuba tukwane. Har gobe 'yan bola jari da 'yan gwangwan a kan wannan turba suke.

Leda ce ta karya wannan tsari. Ba ta ruɓewa ta zama taki, ba ta ɗinkuwa, kuma ba ta da nauyin da zai sa mai awon kilo ya damu da ita. Manomi sai ya tsince ta daga taki, akuya ta ci ta rame. Nan Gabon an hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2010, amma duk wanda ya ga tsaunin bolar Mindoubé ya san doka kaɗai ba ta isa ba.

Mai karatu, ba tsafta ce kawai ta sa kakanninmu suke kwashe bola ba, akwai mai saye ne. Idan muna son lambatun Nombakélé su daina ambaliya cikin gidaje, sai mu nema wa roba mai saye, mu ware ta daga sharar girki, mu kuma daina raina mai gyaran takalmi da mai gyaran waya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai na fasa sayo wa Kaka kwanon roba.