Ketamin: Allurar Barcin da Ba Ta Jiran Wutar Lantarki

Galibin magungunan sa barci na ɗakin tiyata suna zuwa da sharaɗi mai tsada. Propofol, alal misali, yana saukar da ƙarfin jini, yakan kuma tsayar da numfashi, don haka ba a taɓa shi sai da iskar oksijin a kusa, da abin hura huhu, da ƙwararren da ya iya zura bututu a maƙogwaro. Ketamin bai cika neman waɗannan ba. Wanda aka yi wa shi yakan ci gaba da numfashi da kansa, bugun zuciyarsa da ƙarfin jininsa ma su ɗan ƙaru. Ga macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa a asibitin da janaretonsa ba mai, wannan bambanci na iya zama rai da mutuwa.

Calvin Stevens ne ya haɗa shi a 1962 don kamfanin Parke-Davis na Amurka, lokacin da ake neman madadin fensiklidin, maganin da ke sa majinyata su farka cikin ruɗewa da fizge-fizge. A 1964 Edward Domino da Guenter Corssen suka gwada shi a kan fursunoni a jihar Mishigan, aka amince da shi a 1970, ya kuma yi wa likitocin soja aiki a yaƙin Biyetnam.

Aikinsa shi ne toshe wasu kafofi da ake kira NMDA a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai saƙon zafi ya kasa isa inda za a ji shi. Wanda bai saba ba zai rantse majinyacin bai yi barci ba: idanu a buɗe, ƙwayar ido tana rawa, hannu na iya motsawa, yawu na zuba, alhali wuƙa na aiki bai sani ba. Ta jijiya, miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo na nauyin jiki kan isa. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne ana iya yin sa a tsoka. Yaron da ya ƙone, jijiyoyinsa suka ɓuya, allura ɗaya a cinya ta isa a wanke masa ciwo ba tare da an danne shi yana ihu ba.

Likitocin dabbobi sun fi kowa sanin halinsa. Ba a yi wa doki ketamin shi kaɗai, domin tsokokinsa za su sandare. Sai an fara ba shi zailazin, an ga kansa ya sunkuya, leɓensa ya saki, sannan a bi da ketamin ya kwanta a hankali. Kyanwa kuwa idanunta ba sa rufuwa, sai an sa musu man shafawa kada su bushe. Saniya ta fi wuya: idan ta kwanta, tumbinta na iya kumbura ko abin da ke ciki ya dawo ya shaƙe ta, shi ya sa aka fi son kashe wurin da lidoken a yi mata fiɗa tana tsaye. 

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka ba shi da haɗari. Yawun nan na iya sa maƙogwaro ya rufe, shi ya sa ake haɗa shi da atrofin. Manya sukan farka da mugun mafarki sai an ba su dayazefam. Idan aka tura shi da sauri ta jijiya, numfashi na iya tsayawa. Sauƙinsa bai ɗauke wajabcin mai lura da majinyaci da na'urar auna oksijin a yatsa ba.

Masu shaye-shaye kuma sun gano shi, musamman a gabashin Asiya da Birtaniya, inda aka ga yana lalata musu mafitsara. Wannan ya sa ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin magungunan da yarjejeniyar 1971 ta ƙayyade. Damuwar Sin gaskiya ce, amma maganin da ta kawo zai faɗa ne a kan waɗanda ba su da laifi. An riga an ga yadda takardun izini da tsoron hukuma suka sa mofin ya yi ƙaranci a asibitocin ƙasashe matalauta, har masu ciwon daji suna mutuwa cikin azaba. A 2015 kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata da allurar barci masu aminci da arha. Su ne aka so a ƙara wa hanya shinge. Ƙungiyoyin likitocin sa barci da na dabbobi suka haɗa baki suka ƙi, kuma a taron Majalisar da aka yi a Biyena a Maris 2015 Sin ta nemi a ɗage ƙuri'ar. Da kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sake duba batun a ƙarshen shekarar, ya tsaya a kan bakansa cewa kada a sa ketamin ƙarƙashin takunkumin duniya.