Ƙuri'ar 1959 a Ƙasar Mubi: Ruɗani ne ko Sani?

Wani abokin aikinmu ya gabatar da takarda kwanan baya, inda ya farfaɗo da tsohon zancen nan cewa mutanen Arewacin Kamaru na Ingila ba su fahimci tambayar da aka yi musu ba a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 1959. A ganinsa, manomin Fali ko Gude ko Higi da ya gangaro daga kan dutse zuwa rumfar zaɓe a ƙasar Mubi bai san mece ce Majalisar Ɗinkin Duniya ba, balle ya auna makomar ƙasa. Shi ya sa, in ji shi, mafi rinjaye suka zaɓi a ɗage shawara maimakon shiga Jihar Arewa, sannan a Fabrairun 1961 suka juya, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ina ganin da wuya wannan fassarar ta tsaya da ƙafarta.

Yadda yankin ya fita daga hannun Jamus ya zama ƙasar amana a hannun Ingila sananne ne, ba sai an maimaita ba. Abin dubawa shi ne me kalmar "Arewa" take nufi a kunnen mai jefa ƙuri'ar. Ga jami'in Kaduna, taswira ce da tsarin mulki. Ga mutumin kan dutse kuwa, hakimi ce da aka naɗo daga Yola, da dogarin En'e, da haraji, da kotun alƙalin da ba ya jin harshensa. Kuma akwai abin da ya riga wannan. Littafin ajiyar Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da Mubi (Vaughan da Kirk-Greene, 1995), ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927, yana lissafa hare-haren da aka kai ƙauyukan duwatsu, bayi kaza, shanu kaza, kamar ɗan kasuwa na ƙirga ribar yini. Yaron da ya ɓuya a kogo a lokacin, a 1959 dattijo ne mai ƙuri'a a hannu.

A nan ne abokin namu ya fi ƙarfi, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Ya ce tsoro ba ilimi ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. An tuɓe Hamman Yaji tun 1927, hare-haren sun daɗe da ƙarewa, don haka abin da nake kira sani, tabo ne kawai da ya hana gani. Na yarda tabo kan karkatar da ido. Sai dai karin maganar ta ɗauka cewa abin da ke kan hanya tsumma ne, alhali wannan shi ne abin da ake gardama a kai. Hakiman Yola suna nan daram a 1959. Kuma abin da hukuma ta yi bayan sakamakon ya isa shaida: an cire yankin daga ƙarƙashin En'en Adamawa, aka kafa masa hukumomin gargajiya nasa, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya yi alkawarin lardi mai zaman kansa. Ba a yi wa mai ruɗani irin wannan gyara, bayani ake ƙara masa. Da alama masu mulkin sun fi wasu malamanmu na yau gane saƙon.

To amma a nan zan rage faɗin da'awata. Akwatin zaɓe adadi yake bayarwa, ba dalili ba, kuma ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ƙabila. 'Yan kasuwar Mubi, Hausawa da Fulani, suna da nasu lissafin game da hanyar shanu da kasuwannin Nijeriya. Su ma daga inda suke tsaye suka hango. Sannan masu zaɓen 1961 ba su ne na 1959 ba, domin karon farko maza kaɗai suka yi, na biyu aka haɗa da mata, adadin ya ninka har ya ɗara. Iyakar abin da hujja ta ba ni shi ne: tsakanin ƙuri'un biyu, abin da ake tambaya a kai ya sauya. A 1959 shiga Arewa na nufin ci gaba da zama ƙarƙashin Yola. Bayan yankin ya shiga Nijeriya a 1 ga Yunin 1961, Mubi ce ta zama hedikwatar Lardin Sardauna.