Sunayen toye-toye da ɗinke-ɗinke a matsayin shaidar tarihi: misalin Damagaram da Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya duba takardun da Turawan mulkin mallaka suka bari game da tattalin arzikin kudancin Nijar zai tarar da lissafin buhunan gujiya, da fatu, da haraji. Da wuya ya ci karo da matar da ke soya ƙuli-ƙuli a tsakar gida, ko wadda ke naɗa alkaki domin garar ɗiyarta. Dalili shi ne aikin nata ba ya ratsa kasuwa a idon mai karɓar haraji: a cikin gida ake yin sa, yarinya ce ke fita da shi talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira irin wannan ciniki ɓoyayyen ciniki tun a 1969.

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu nuna cewa akwai wata ma'ajiya da ta riƙe tarihin waɗannan sana'o'i, wato sunayensu. Za mu bi su hawa-hawa, daga na Sahara zuwa na zamanin mulkin kai.

1. Tushe

Kafin a zo ga kalmomin aro, akwai kayan aikin da sunayensu ba su ɗauke da alamar Larabci ko ta harsunan Turai: turmi, taɓarya, faifai, ƙwarya, mazari. Su ne ginshiƙin aikin mace a gida, daga daka zuwa kaɗin auduga. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya yi mamakin yawan tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can. Masaƙa da marina maza ne, amma zaren da suke aiki da shi mata ne suka kaɗa shi a ɗakunansu. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da M. F. Smith ta wallafa a 1954, ta nuna yadda kaɗi da dafa abincin sayarwa suke ba mace kuɗin da take iko da shi, dabam da na mijinta.

A nan ya kamata mu yi hattara, domin tsohuwar kalma ba kullum take nuna tsohon abu ba. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta fito, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan zuwan jiragen Fotugal. A Kano sunanta gyaɗa, gujiya kuwa wata tsohuwar shuka ce ta Afirka mai ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa. Amma a Maraɗi da Tawa, baƙuwar ce ta gaji sunan ƴar gida, ake ce mata gujiya. Wanda ya dogara da suna kaɗai zai yi kuskuren ƙarnuka.

2. Hawan Sahara

Hawa na biyu shi ne na kalmomin Larabci. Alkama daga al-qamḥ take, alkaki daga al-kaʿk, gurasa daga qurṣa, tanderun da ake gasa ta daga tannūr, sukari daga sukkar. A wajen ɗinki ma haka ne: allura daga al-ibra, almakashi daga al-miqaṣṣ. Joseph Greenberg ya nuna a 1947 cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa ta ƙofa biyu: wasu ta bakin fatake da Larabcin Arewacin Afirka, wasu kuma daga baya ta littattafan malamai. Sunayen toye-toye na ƙofar farko ne. Ba a makarantar allo aka koyi alkaki ba.

Wannan ya dace da abin da aka sani game da Damagaram a ƙarni na 19. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin ya zama babban zango tsakanin Tarabulus da Kano, kuma unguwar Zongo ta cika da Abzinawa da fataken arewa. Baƙon da ya zauna shekaru yakan yi aure, matarsa kuma ta koyi abincin da ya saba da shi, daga nan maƙwabta su ɗauka. Ana noman alkama a garaken Abzin da wasu fadamu, amma kaɗan ce, mai tsada. Shi ya sa abincin alkama ya tsaya a matsayin abincin girma: na fada, na salla, na gara. Har yau uwar amarya ba ta jin ta fita kunya sai ta cika kwanoni da alkaki da dublan. Hatsi shi ne abincin yau da gobe, alkama kuwa ta nuna matsayi ce.

3. Hawan kudu

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, daga baya suka mai da ita hedkwatarsu har zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. Mai karatu zai zaci daga nan kalmomin Faransanci za su cika madafa. Ba haka abin ya kasance ba. Burodi, fulawa, yis, fanke, tela: dukansu daga Ingilishi suka samo asali, kuma haka ake faɗar su a Maraɗi kamar yadda ake faɗa a Katsina.

Bayanin yana ga hanyar kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus, ayarin Sahara kuma yana ta mutuwa. Daga nan gujiyar Maraɗi da Magarya ta riƙa bin Kano zuwa bakin teku, motocin da suka kai ta kuma su dawo da fulawa, da sukari, da atamfa, da kwanonin tasa masu fenti, da keken ɗinki. Mulki na Faransa ne, amma hajar ta kudu ce, kuma sunan da haja ta zo da shi shi take riƙewa.

A wannan zamani ne sana'o'i biyu suka juya. Yadin kanti ya rage wa kaɗi daraja, har mazari ya koma hannun tsofaffi. Matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli kuwa suka bunƙasa, saboda gujiya ta yawaita. An kafa SONARA a 1962 domin ta riƙe cinikin gujiyar ƙasa, amma man da ake miya da shi a yawancin gidaje daga turmin mata yake fitowa. Haka kuma kulle, wanda ya yaɗu a birane tare da arzikin alhazai, bai hana mata sana'a ba, sai dai ya ƙara dogaro da ƴar talla. Wannan yana da farashinsa, domin yarinyar da ke ɗauke da faranti da safe ba ta cikin aji.

4. Hawan Faransanci

Kalmomin Faransanci sun shigo madafa a makare, kuma ta wata ƙofa dabam: makaranta, da gidajen ma'aikata, da cibiyoyin koya wa mata sana'a, musamman bayan kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. Ta nan gato ya shigo, da saƙar kwarashi, da ɗinkin zanen gado mai fure wanda ya zama wani ɓangare na kayan ɗakin amarya, kamar yadda Barbara Cooper ta yi nazarin kayan aure a littafinta kan Maraɗi na 1997. Sunan fari-masa da ake ji a Yamai, a ganinmu, ya taƙaita zamanin duka: farine ta Faransanci ce aka ɗora a kan masa.

Farin 1973 zuwa 1974, da cutar da ta kama gujiya a 1975, sun karya noman da kudu ta dogara da shi. Mata da yawa sun koma ga fulawar da ake shigowa da ita: fanke, cincin, da taliyar da ake murzawa da ƙaramin inji. Abincin da a da yake na gara ya zama na talla. Sai dai jarin ya rataya ga kayan waje. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin buhun fulawa da na sukari ya tashi, kuma mai fanke ba ta iya ninka farashin abin da yara ke saye da dala ɗaya ko biyu. Abin da za ta iya shi ne ta rage girmansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abu biyu. Na farko, jerin sunayen nan ya nuna cewa ɗakin girki bai taɓa zama a rufe ba: duk sauyin hanyar fatauci ya bar sawunsa a cikinsa. Na biyu, manyan ƙamusunmu, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, an tattara su ne a ƙarƙashin mulkin Ingila, galibi daga bakin maza. Kalmomin matan Damagaram, da Gobir, da Adar, da ma'aunansu, da sunayen da suke ba kowane salon ɗinki, ba su sami wurin da ya dace da su ba a ciki.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundi shawara su fara daga gida. Su zauna da kakanninsu mata, su rubuta sunan kowane abu, da wadda ta koya musu shi, da shekarar da suka fara ganinsa, ko da da yunwa ko sarautar wani za a ƙiyasta ta. Matan da suka yi kaɗi a ƙuruciyarsu sun tsufa ƙwarai, kuma aikin ba ya jiran a sami kuɗin bincike.