Ƙagaggen Labarin Hausa da Mai Karatu na Bakin Iyaka: Waiwaye daga Gaya

1. Gabatarwa

Masu aikin yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin cewa koya wa baligi haruffa shi ne rabin aiki mafi sauƙi. Wahalar tana zuwa ne bayan an rufe aji, domin wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba ya jimawa sai ya koma gidan jiya. Ƙasidun noma da na kiwon lafiya suna da amfani, amma ba su ne ke hana mutum barci da dare ba. Labari mai daɗi shi ke yin haka. Wannan maƙala tana bin tarihin ƙagaggen labarin Hausa ta fuskar rukunoni uku, watau littattafan tushe, da labaran laifi da bincike, da labaran kimiyya, tare da tarihin sharhin da aka yi musu, sa'an nan ta auna shi da bukatar mai karatu na garin Gaya.

Gayar da ake nufi ita ce ta jihar Doso a Jamhuriyar Nijar, ba takwararta ta ƙasar Kano ba. Tana bakin kogin Kwara, kimanin kilomita 300 kudu maso gabas da Yamai. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya kuwa tana nan kusa ta gabas. Tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja wannan yanki mashigi ne, kuma Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa suna cuɗanya a kasuwanninsa. Ƙasashe uku ke nan, da harsunan makaranta biyu da aka gada daga Turawa, alhali Hausa tana ratsa su duka. Saboda haka Gaya wuri ne da ya dace a tsaya a dubi yadda littafi yake tafiya, da inda yake maƙalewa.

2. Littattafan tushe

Ƙagaggen labarin Hausa na boko yana da ranar haihuwa sananniya. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya shirya gasar rubuta labari, domin makarantun Arewacin Nijeriya sun fara yaye ɗalibai amma babu abin da za su karanta cikin harshensu. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri tsakanin 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Daga 1937 Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin juzu'i uku, a 1939 kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Abin lura a nan shi ne yadda waɗannan littattafai suka zama tushe. Ingancinsu ba abin musu ba ne, amma inganci kaɗai ba ya raya littafi shekara casa'in. Hukuma ce ta nemo su, ta buga su, ta sa su cikin manhaja. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki tare da shirin Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959, da kamfanin NNPC na Zariya daga 1966, su suka yi ta sake buga su. A wannan tsakani ne aka sami irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi. Fassara ma ta shigo da nata rabon, kamar Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya juyo daga littafin George Orwell a 1975. Ashe ke nan tun farko ƙagaggen labari da yaƙi da jahilci tagwaye ne: ɗaya yana samar da mai karatu, ɗayan yana riƙe shi.

3. Labaran laifi da bincike

A Turai da Amurka labarin bincike yana da tsari sananne tun daga Edgar Allan Poe a 1841, zuwa Sherlock Holmes na Conan Doyle a 1887, zuwa Maigret na Georges Simenon daga 1931. An aikata laifi, ba a san mai shi ba, sai mai bincike ya bi sawu har ya tona asiri a shafin ƙarshe. Daɗin karatun yana cikin tambayar wane ne.

Marubutan Hausa na farko sun bi wata hanya dabam. Laifi yana nan tun 1934, domin Idon Matambayi labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi kuwa labarin zalunci ne da ramuwar gayya da ta kai ga zub da jini. Haka kuma Da'u Fataken Dare na Tanko Zango. Amma a cikinsu mai karatu ya san mai laifi tun farko, yana biye da shi ƙafa da ƙafa. Abin da yake jira shi ne yaya ƙarshen zai kasance. Sunayen littattafan da kansu sun nuna haka, gama yawancinsu karin magana ne mai ɗauke da hukunci. Dalilai biyu za su iya bayyana wannan. Na farko, tatsuniya ta riga ta saba wa mai sauraro bin wayon Gizo daga ciki. Na biyu, gargaɗi shi ne babban jigon rubutun Hausa tun zamanin waƙoƙin ajami, gargaɗi kuwa yana bukatar a ga mai laifi da sakamakonsa a fili.

Daga ƙarshen shekarun 1970 laifin ya sake kama, ya zama na birni da na zamani. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. Gasar da Sashen Al'adu na Tarayyar Nijeriya ya shirya ta haifar da littattafai a 1982, biyu daga cikinsu suka yi fice ta wannan fuska: Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya nuna yadda makamai da ta'asar yaƙin basasa suka koma sana'ar ta'addanci, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya ɗauki fasa-ƙwauri da cin hancin da ke raya shi. Ga mutumin garin iyaka irin Gaya, wannan jigo na biyu ba baƙo ba ne. Daga baya, cikin ambaliyar littattafan Kano da ta taso a ƙarshen shekarun 1980, soyayya ce ta fi rinjaye, amma marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi suna da labaran ruɗani da tsoro da farautar masu laifi, waɗanda suka matso kusa da tsarin ɓoye asiri.

4. Labaran kimiyya

Wannan rukuni shi ne mafi ƙarancin littattafai. Abin al'ajabi bai taɓa ƙaranci a labarin Hausa ba: akwai aljannu a Ruwan Bagaja da Ganɗoki, akwai tafiya zuwa ƙasashen da ido bai taɓa gani ba. Bambancin shi ne aljani ba ya bukatar bayani, na'ura kuwa tana bukata. Tun Jules Verne, wanda ya ƙaga tafiya zuwa wata a 1865, sharaɗin labarin kimiyya shi ne abin mamakin ya zama yana da dalilin da hankali zai iya bi.

Littafin da manazarta suka fi ambata ta wannan fuska shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata. Labarin yaro ne da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zagaya da shi cikin abin hawansa. Wannan sauka a kan wata ta shiga bakin makaɗa ma, domin Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa.

Ga masanin harshe, muhimmancin rukunin yana cikin kalmomi. Kumbo, da tauraron ɗan Adam, da ɗan sama-jannati, da na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk ƙirƙira ce ta ƙarni na 20, kuma rediyo da jarida suka yaɗa su. Kwamitin ƙirƙirar kalmomi yana iya tsara jerin kalmomi ɗari a zama ɗaya, amma ba a sanin wadda za ta rayu sai an ji ta a bakin mutum cikin zance. Labarin kimiyya shi ne fagen wannan gwaji, kuma har yanzu fage ne da ba a nome shi sosai ba.

5. Tarihin sharhi

Sharhin farko na editoci ne, watau zaɓe da gyaran da East da magadansa suka yi kafin a buga littafi. Sharhin ilimi ya biyo baya da kafuwar sassan Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano da mujallarta Harsunan Nijeriya. Nan ne kalmomin jigo, da salo, da zubi da tsari, da tauraro suka zauna da gindinsu. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya tattara tarihin, littafin Graham Furniss na 1996 kuma ya kai shi ga masu karatun Ingilishi.

Sharhin da ya shiga jarida har jama'a suka sa baki ya fara ne a 1991, sa'ad da Ibrahim Malumfashi ya soki sababbin littattafan soyayya a jaridar Nasiha. Daga muhawarar da ta biyo baya, wadda Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shiga, sunan nan Adabin Kasuwar Kano ya bazu. Muhawarar ta yi amfani ƙwarai, sai dai ta fi karkata ga tarbiyya da daraja, watau ko littafin ya cancanci a kira shi adabi. Tambayar da mai tsara karatun manya yake bukata ba ta sami kulawa irin wannan ba: wane littafi ne ya dace da wane mai karatu, kuma a wane mataki.

6. Ɓangaren Nijar

A ƙarƙashin mulkin Faransa makaranta ba ta ba harsunan ƙasa gurbi ba, saboda haka ba a sami takwarar Hukumar Talifi a wannan ɓangare ba. Yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa ya fara ne bayan samun ƴancin kai, a farkon shekarun 1960. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 kuma aka kafa cibiyar INDRAP. Yawancin marubutan ƙasar kuwa da Faransanci suka rubuta labaransu. Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1980) labarin Sarauniyar Lugu ne, cikin ƙasar Arewa, a jihar Doson nan, wadda ta kara da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Le nouveau juge na Amadou Ousmane (1981) labarin alƙali ne da shari'a. Ga labarin tarihi, ga na laifi, amma wanda ya koyi karatu a ajin manya ba shi da hanyar shiga cikinsu.

Saboda haka babban rumbun ƙagaggen labarin Hausa yana tsallaken iyaka, kuma ga mutumin Gaya Birnin Kabi ta fi Yamai kusa. Amma akwai shingaye uku. Na farko ƙa'idar rubutu: bayan taron Bamako na 1966 littattafan karatun manya a Nijar sun riƙa ninka wasali domin nuna tsawonsa, abin da Nijeriya ba ta yi ba. Taron Yamai na 1980 da dokar rubutu ta 1999 sun rage tazarar, ko da yake harafin ƴ yana nan a matsayin alamar bambanci. Na biyu karin harshe: Hausar yankin ta yamma ce, mai kusa da ta Kabi da Arewa, inda ake cewa zamna da hwari da biyat, littafi kuwa yana cewa zauna da fari da biyar. Na uku kalmomin aro, kuma a labarin laifi suka fi tsanani, domin shi labarin hukuma ne: inda littafi ya ce kwastan, mai karatu duwan ya sani, inda ya ce lasin, farmi ya sani, jandarma kuwa, wanda yake gani kullum a kan hanya, ba ya cikin littafin sam.

7. Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana ba harshe matsayi, amma tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa littafi yana zuwa ne idan an buɗe masa ƙofa: gasar 1933, da ta NNPC wadda ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980, da wadda ta ba da littattafan 1982, har zuwa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016.

Abubuwa huɗu suka fito daga wannan waiwaye. Na ɗaya, a tsara sharhi gajere na kowane littafi domin malaman ajin manya, wanda zai faɗi rukuninsa, da nauyin Hausarsa, da yawan kalmomin aron Ingilishi da ke cikinsa. Na biyu, a nemi izinin sake buga littattafan tushe da ƙaramin ƙamus a ƙarshensu, ba tare da an taɓa Hausar marubuci ba. Na uku, a shirya gasa a cikin Nijar wadda za ta ware gurbi ga labarin bincike da na kimiyya, sa'an nan a kai abin da ta haifar ga rediyo da wayar salula, inda karatun labari ya koma da yawa. Na huɗu, a tuna cewa ga mutanen Gaya da dama Hausa harshe ne na biyu, saboda haka aikin da za a yi mata ya wajaba a yi wa Dandanci da Zabarmanci irinsa. Ajin yaƙi da jahilci watanni yake yi a rufe shi. Abin da ɗalibi ya tarar a hannunsa ranar da aka rufe shi ne zai yanke hukuncin ko wahalar ta biya.