Tarihin Ƙwayar da Ta Danne Wata Sankarar Jini

Mai karatu, idan likita ya taɓa rubuta wa wani naka ƙwayar imatinib, ka sani shekara 41 aka shafe ana bincike kafin ta iso hannun marasa lafiya.

Ƙwayoyin halittar jikinka ba sa hayayyafa sai an umarce su. Wani furotin ne ke karɓar umarnin a bakin ƙwayar, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa na gaba, har saƙon ya isa cibiya. Da aiki ya kammala, sai kowannensu ya lafa. Idan ɗaya ya ƙi lafawa, sankara na iya kunno kai.

A 1960, Peter Nowell da David Hungerford na birnin Filadelfiya a Amurka suka lura da wani gajeren kuromosom a jinin masu sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML. A 1973, Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar ɓangarori. Daga baya, a shekarun 1980, aka tabbatar cewa wannan haɗi yana haifar da furotin mai suna BCR-ABL, wanda kullum a kunne yake, yana tilasta wa ɓargo ya yi ta fitar da fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa.

Da aka san mai laifi, sai Brian Druker da Nicholas Lydon da abokan aikinsu suka nemo sinadarin da ke toshe gurbin da furotin ɗin ke karɓar makamashi. An fara gwada shi a kan mutane a 1998. Cikin mutum 54 da suka sha isasshen kima, jinin 53 ya daidaita. A 2001 Amurka ta amince da maganin.

Abin lura gare ka shi ne, ƙwayar danne furotin take yi. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, ko don kuɗi sun yanke, cutar na iya dawo masa. Idan saye ya yi nauyi, a sanar da likita tun kafin maganin ya ƙare, kuma kada a bar ranar gwajin jini ta wuce.