Hana Kisan Tagwaye da Rakiyar Gawa a Tsohuwar Kalaba, 1846–1915

Tsohuwar Kalaba ita ce rukunin garuruwan Efik da ke bakin kogi a kudu maso gabashin Nijeriya ta yau: Atakpa, wanda Turawa ke kira Duke Town, da Obio Oko ko Creek Town, da Obutong ko Old Town. A ƙarni na 19 an yi doguwar gwagwarmaya a nan kan al'adu uku na ɗaukar rai: kashe bayi da mata don su raka gawar babban mutum, shayar da wanda ake zargi da maita gubar waken esere, da kashe jarirai tagwaye. Littattafan firamare sun taƙaita labarin a layi guda, cewa Mary Slessor ce ta hana kashe tagwaye a Nijeriya. Rubuce-rubucen 'yan mishan da suka riga ta zuwa, da binciken masana tarihi irin su J. F. Ade Ajayi a 1965 da A. J. H. Latham a 1973, sun nuna wani abu dabam. Ranar da aka yi shelar dokar farko ta hana zubar da jini a Kalaba, Slessor ba ta cika shekara biyu da haihuwa ba.

Abin da 'yan mishan suka tarar

Efik sun yi arziki da dillancin bayi ga jiragen Turawa. Da sarakunansu suka sa hannu kan yarjejeniyar daina fitar da bayi a farkon shekarun 1840, ciniki ya koma ga manja, bayin da ba a sayar ba kuma suka taru a gonaki. Bawa ya yi yawa, ransa ya yi araha. Hukuma ta gaskiya tana hannun Ekpe, ƙungiyar asiri mai matakai da ake shiga da kuɗi. Ita ke yin doka, ita ke karɓar bashi, ita ke yanke hukuncin kisa.

Game da tagwaye, imanin mutane shi ne ɗaya daga cikinsu ɗan mugun ruhu ne, kuma tunda ba a san wanne ba, sai a kashe duka biyun. Akan cusa su cikin tukunya a jefar a daji, uwar kuma a kore ta daga gari, ba ta kasuwa, ba ta rafin da jama'a ke ɗibar ruwa. Bahaushe da ya saba da Hasan da Husaini, har ya tanadi sunan Gambo ga wanda ya biyo su, zai ji abin wani iri. Amma masu yin sa ba don ƙeta suke yi ba, tsoron annoba ne ga gari gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa al'adar ta fi sauran biyun wuyar kau da wa.

Hujjar Kiristoci

Ba sabuwar koyarwa 'yan mishan suka kawo ba. Tun ƙarnonin farko Ikilisiya ta haramta jefar da jarirai da Romawa ke yi, har aka mai da kisan jariri laifin kisa a dokar daular a shekara ta 374. A Kalaba an kafa hujja da cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, kamar yadda ya zo a farkon littafin Farawa, da dokar hana kisankai da ke cikin Dokoki Goma. Ga tagwaye kuwa akwai Isuwa da Yakubu, 'ya'yan Rifkatu. Abin da ya fi ɓata wa manyan gari rai shi ne ƙarshen zancen: in siffar Allah ce ke ba rai daraja, to ran bawan gona daidai yake da na mai gidansa.

Reshen mishan ɗin ma yana da nasa tarihin da bauta. Hope Masterton Waddell, wanda ya sauka a Kalaba a Afrilun 1846, daga Jamaika ya taso, inda ya yi shekaru yana wa'azi cikin bayi da 'yantattu, kuma cikin tawagarsa akwai baƙaƙen fata 'yan Jamaika. Wata cocin Firesbiteriya a Sikotilan ce ta ɗauki nauyinsu. Hugh Goldie ya biyo baya a 1847, William Anderson a 1849.

Shekaru masu zafi, 1847–1858

A 1847 Sarki Eyamba na Biyar na Duke Town ya mutu, aka kashe matansa da bayinsa masu yawa, 'yan mishan suna ji suna gani ba su da ta cewa. Farkon 1850 wasu manyan Duke Town biyu suka rasu, aka sake zubar da jini. Wannan karon Anderson ya tara kyaftin-kyaftin na jiragen manja da ke kogin, suka kafa ƙungiyar yaƙi da waɗannan al'adu, suka yi barazanar yanke hulɗa da garin. A Fabrairun 1850 Ekpe ta yi shelar dokar hana kashe mutum don rakiyar gawa. Mutumin da ya fi ba da ƙarfi daga ɓangaren Efik shi ne Sarki Eyo Honesty na Biyu na Creek Town, attajiri mai kaifin basira wanda yakan yi wa Waddell tafinta ranar Lahadi a farfajiyar gidansa, amma har ya mutu bai karɓi baftisma ba.

Doka a baki dabam, a aikace dabam. Waɗanda suka sa ta yi aiki su ne bayin da kansu. A gonakin bayan Duke Town suka sha rantsuwar jini cewa ba za a ƙara yanka ɗayansu a kan kabari ba, kuma a 1851 suka shigo gari da makamai, har sai da ƙaramin jakadan Ingila, John Beecroft, ya shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniya. Littattafan mishan ba su ba su filin da ya kamace su ba, mai yiwuwa saboda rantsuwarsu ba ta Kirista ba ce. Su ma ba waliyyai ba ne: da Sarki Archibong na Ɗaya ya mutu a 1852, suna cikin waɗanda suka matsa a shayar da waɗanda ake zargi esere, mutane da dama suka hallaka. Ransu suke karewa, ba ƙa'idar tsarkin kowane rai ba.

Gubar kanta ta ja hankalin likitocin Edinbara, inda 'yan mishan suka aika da waken. A Kalaba, wanda ya amayar da shi ya kuɓuta, wanda cikinsa ya riƙe ya mutu, a ce mayen ne. A 1855 Farfesa Robert Christison ya gwada ɗan kaɗan a kansa, da ƙyar ya sha. Daga wannan wake aka fitar da sinadarin da daga baya aka yi maganin hawan jinin ido da shi.

A Janairun 1855 aka yi abin da har yau yake damun masu rubuta tarihin cocin. Bayan kashe-kashen da suka biyo mutuwar sarkin Old Town, jirgin yaƙin Ingila mai suna Antelope ya yi wa garin ruwan igwa ya rushe shi. An yi hakan da sunan kare rai. 'Yan mishan sun nuna rashin amincewa, sai dai ba za a iya raba nasarorinsu na wancan zamani da inuwar jirgin yaƙi ba, kuma 'yan kasuwar da suka nemi a kai harin suna da nasu lissafin. Ba a yarda a sake gina garin ba sai da shugabanninsa suka sa hannu a 1856 cewa sun bar rakiyar gawa da esere da kisan tagwaye.

Gwaji na gaskiya ya zo a 1858, da rasuwar Eyo na Biyu. Sarki mafi arziki a kogin, mai dubban bayi, aka binne shi ba a kashe kowa ba. Ɗansa da ya gaje shi Kirista ne. Wannan shekara ta fi 1850 cancantar a riƙe ta a matsayin ƙarshen rakiyar gawa a Creek Town.

Batun tagwaye ya ci gaba da jan ƙafa. Gidajen mishan sun zama mafakar iyaye mata da jariransu, Sabon Alkawari ya fito da harshen Efik a 1862 ta hannun Goldie, aka naɗa Esien Esien Ukpabio fasto na farko ɗan ƙasa a 1872. Sai a 1878 ƙaramin jakada David Hopkins ya sa Sarki Archibong na Uku da manyan Duke Town suka amince a rubuce cewa kashe tagwaye laifi ne, uwarsu kuma tana da 'yancin shiga gari.

Rabon Mary Slessor

An haife ta a Aberdeen a Disambar 1848, ta yi aikin masaƙa a Dundee, ta iso Kalaba a 1876. Ta tarar da dokokin birni sun kusa kammala. Aikinta na gaske a can ciki ne, inda dokar Ekpe ta Duke Town ba ta kai ba. A 1888 ta koma ƙasar Okoyong ta zauna a Ekenge, cikin ɗakin ƙasa, tana jin Efik kamar 'yar gida. Ba ta da jirgin yaƙi. Abin da take yi shi ne ta isa wurin haihuwa kafin a taɓa jariran, ta ɗauke su, ta rene su a gaban kowa don a ga ba wata annoba da ta sauka. Janie, wadda ta ceta tana jaririya har ta kai ta Sikotilan a 1883, ta girma a hannunta. Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, ita ke rada mata labarin abin da ake shirin yi. A 1892 gwamnatin Ingila ta ba ta ikon shari'a a Okoyong.

Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, a Use Ikot Oku, aka binne ta a Duke Town. Tarihin rayuwarta da W. P. Livingstone ya wallafa jim kaɗan bayan haka ya karɓu ƙwarai, daga cikinsa labarin mace ɗaya tilo ya bazu zuwa makarantun Lahadi da na boko. A 1997 bankin Clydesdale na Sikotilan ya sa hotonta a takardar fam goma.