Daga Dogari Zuwa Baturen 'Yan Sanda: Wa Ke Da Ikon Kamu A Aliero?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ya san cewa idan aka kama ɗan gida, ba caji ofis iyaye ke fara nufa ba. Ƙofar mai unguwa ake fara bugawa, daga nan a wuce wurin hakimi, in abin ya yi tsamari a dangana da uban ƙasa. (Don mutanen Kano kada su ruɗe, abin da kuke ce wa hakimi shi ne uban ƙasa a wurinmu, dagacinku kuma shi ne hakiminmu.) Ni ma wannan hanyar muka bi a shekarun baya, lokacin da aka kama wani ɗan ƙanena a kan faɗan da ya ɓarke wajen lodin albasa. Mai unguwarmu ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Ni dai zan raka ku, amma wagga magana ta hi ƙarhina." Wannan amsa ce ta sa na shiga tambayar dattawa da duba littattafai, domin in gane yadda aka yi maganar yaron unguwa ta fi ƙarfin mai unguwa.

Abin da na gano shi ne, iyayenmu ba ɓatan kai suke yi ba. Suna bin tsohuwar hanya ce wadda a da can tana kaiwa har inda ake so.

Kafin zuwan Turawa, kamu aikin dogarai ne. Bayin sarki ne akasari, su ke tsaron fada, su ke kamo mai laifi su gurfanar da shi gaban alƙali, su ne kuma ke zartar da hukunci. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, domin kuwa ba su da yawan da za su tsare ƙasa da kansu. Sai suka bar sarakuna da dogaransu da alƙalansu da gidan yarinsu a ƙarƙashin abin da aka sani da En'e, Razdan da Di'o suna leƙe daga sama. A shekarun 1920 aka fara ware wasu samari ana koya masu fareti ana sa masu kaki, aka fara kiransu 'yan gadi, daga baya sunan ya koma 'yan doka. Shugabancinsu ba ƙaramin matsayi ba ne, 'ya'yan sarki ake ba. Alal misali marigayi Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano kafin ya zama sarki a 1963.

To a wancan zamani, mutumin Aliero ko Jega da aka kama yana cikin gida ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Ɗan dokar En'e ta Gwandu ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yi masa shari'a, yarin En'e ya tsare shi, dukkansu kuma igiyarsu tana hannun Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Ke nan idan uba ya bi ta mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa, yana hawa tsani ne wanda ƙarshensa ya jingina da mai ikon a saki ko a ɗaure.

Kada mai karatu ya zaci kewar wancan zamani nake yi. Wanda ke da ikon saki da baki ɗaya yana da ikon ɗauri da baki ɗaya. 'Yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka da kotunan En'e a shekarun 1950, domin mutum kan kwana a ɗaure saboda lacca kawai ko saboda katin jam'iyya. Wannan na cikin hujjojin da aka kafa lokacin da aka tashi raba sarakuna da makaman ikonsu.

Shi kuwa ɗan sanda asalinsa daban ne, kuma akwai abin mamaki a ciki. A Legas aka haife shi. A 1861 Turawa suka kafa wata 'yar runduna ta mutum 30 don gadin ƙaramin jakadansu, sannan Kyaftin Glover ya ɗebi Hausawa ya ba su bindiga, har aka riƙa kiran rundunar da sunan Hausawa. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare gari, don ba ya jin nauyin kowa. Wato kakanninmu su ne baƙin da aka fara gwada dabarar da su a kan wasu, kafin ta zagayo kanmu. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ta zama 'Yan Sandan Nijeriya, amma a nan Arewa ba su cika wuce manyan garuruwa da layin dogo ba. Ƙauye na ɗan doka ne. Manyansu kuwa Turawa ne zalla, shi ya sa har yau muke ce wa DPO Baturen 'yan sanda, ko da kuwa sunansa Garba.

Juyin mulkin 1966 ne ya kawo ƙarshen zaman 'yan marina biyun. Gwamnatin soja ta yanke cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ta ishi ƙasa, daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, aka kuma karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gwamnan Jihar Arewa maso Yamma na lokacin, Usman Faruk, shi kansa ɗan sanda ne. Daga nan tsanin mai unguwa ya tsaya a sarari, ba ya jingine da komai. Aka kafa wani sabo a gefensa: kurtu a kanta, Baturen 'yan sanda a ofis, Kwamishina a babban birnin jiha, Sufeto Janar a can ƙoli. Babu sarki ko ɗaya a cikin wannan jeri.

Iyakoki ma sun yi ta motsi. A gyaran ƙananan hukumomi na 1976 Aliero da Maiyama duk a ƙarƙashin Jega suke, cikin Jihar Sakkwato. Aka zo aka yanke Maiyama. A 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi, sai Kwamishinanmu ya koma Birnin Kebbi. A 1996 Aliero ta samu tata ƙaramar hukuma, da garuruwa irin su Sabiyel da Danwarai da Jiga da Kashin Zama da Rafin Ɓauna. Da yake yankin ofishin 'yan sanda yakan bi iyakar ƙaramar hukuma ne, duk sa'ad da aka ja sabon layi sai mutane su wayi gari ofishin da suka saba zuwa ya tashi daga nasu. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, wadda ta kawo unguwannin ɗalibai 'yan haya waɗanda mai unguwa bai san iyayensu ba, ga baƙin da ke zuwa ɗori, ga direbobin da ke ɗaukar albasa zuwa Kudu.

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne, a tsohon tsari mutum na ubangidansa ne duk inda ya je, a sabon tsari kuwa laifi na wurin da aka yi shi ne. Mutumin Sabiyel da aka kama a kasuwar Jega, maganarsa ta ofishin Jega ce, hakiminsa ba shi da abin yi sai roƙo ko tsayawa beli. Abin da ya maye gurbin kalmar sarki shi ne takarda. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uba don ɗa ya gudu. Ita dai dokar ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da jama'ar gari, inda masu unguwanni kan samu wurin zama, amma shawara kawai ake nema a wurinsu. Mabuɗin bayan kanta yana hannun Bature.